KIFIN GOBI: YADDA AKE GANE SHI DA WURAREN DA YAKE ZAUNE

Jama'a, gaɓar tekun Nijeriya tana da tsawon kimanin kilomita 850, tun daga Badagiri a Jihar Legas har zuwa iyakarmu da Kamaru a Jihar Kuros Riba. A wannan gaɓa akwai wani ɗan ƙaramin kifi wanda masana ke kira gobi. Masunta da yawa ba su kula da shi, domin ba shi da tsoka kamar tarwaɗa ko giwan ruwa. Amma Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake gane shi, da inda yake zaune, da dalilin da ya sa ya kamata kowa ya damu da shi.

ALAMOMIN DA AKE DUBAWA

Gobi dangi ne babba, irinsa ya haura 2,000 a duniya, kuma galibinsu ba su wuce santimita 10 ba, watau kamar tsawon yatsa. In ka kama ɗan kifi kana shakka, sai ka duba abubuwa huɗu.

Na farko, ka juya cikinsa sama. Fikafikai biyu na ƙasan ƙirji sun haɗe sun zama kamar ɗan faifai. Da wannan yake manne wa dutse ko saiwa don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Wannan ita ce babbar alama.

Na biyu, a gadon bayansa akwai fikafikai biyu, na gaba gajere mai ƙayoyi masu laushi, na baya kuwa dogo.

Na uku, kansa babba ne mai kumatu, idanunsa suna can sama kusa da juna.

Na huɗu, ba shi da layin nan da ke bin gefen jikin yawancin kifaye daga kai zuwa wutsiya.

Haka kuma za ka lura ba ya yawo a tsakiyar ruwa. Yakan kwanta a ƙasa, ya zabura kaɗan, ya sāke kwanciya. Akwai wasu 'yan'uwansa masu kama da shi ƙwarai, irin su Eleotris da Bostrychus, amma su fikafikan ƙirjinsu a rabe suke.

IRI UKU DA WURAREN ZAMANSU

Na farko shi ne mai tsalle a laka, wanda masana ke kira Periophthalmus barbarus. Yana zaune a kurmin mangurob, watau itatuwan nan masu dogayen saiwoyi da ke tsirowa cikin ruwan zartsi, inda ruwan kogi ke gauraya da na teku. Sau biyu a kowace rana teku kan cika ya janye. In ya janye, sai wannan kifi ya fito bisa laka yana jan jiki da fikafikansa na gefe kamar mai dogara hannu, yana farautar ƙananan ƙaguwa da ƙwari. Idanunsa sun fito zuru-zuru a ka kamar na kwaɗo. Yana shaƙar iska ta fatarsa da cikin bakinsa muddin suna da danshi. Wanda ya san gaiwa ba zai yi mamakin kifin da ke rayuwa ba cikin ruwa ba. Bambancin shi ne gaiwa kwanciya take yi cikin laka da rani, shi kuwa yawonsa yake yi. A wannan iri fikafikan ƙirji ba su haɗe sosai ba. Mutanen yankin Neja Delta suna cin sa, suna kuma sa shi a ƙugiya.

Na biyu shi ne Bathygobius soporator. Launinsa ƙasa-ƙasa ne da dabbare-dabbare, wutsiyarsa a kewaye, kuma saman fikafikansa na gefe ya rarrabu kamar zare. Yana son duwatsu da 'yan kududdufan da teku ke bari in ya janye, ana kuma samunsa a ruwan Badagiri. An shaida cewa in aka razana shi yakan yi tsalle daga wannan kududdufi zuwa wancan bai kuskure ba, domin ya riga ya san wurin tun lokacin da ruwa ke cike.

Na uku shi ne Porogobius schlegelii. Jikinsa siriri ne, wutsiyarsa doguwa mai tsini. Yana kwance bisa laka a bakin koguna da tafkunan gaɓar teku.

A yawancin gobi, mace ce ke manna ƙwai a ƙarƙashin dutse ko cikin rami, namiji kuma ya tsare su har su ƙyanƙyashe.

ME YA SA ZA MU DAMU?

Gobi abinci ne ga manyan kifaye da tsuntsayen ruwa. Kurmin da yake zaune ciki kuwa, wanda ya fi na kowace ƙasa a Afirka girma, nan ne jatan lande da kifayen teku da yawa ke renon 'ya'yansu. Busasshen kifi da jatan landen da ake saye a kasuwannin Kano da Jos da Abuja, da yawansu daga waɗannan ruwaye suke fitowa. Tun da gobi ba ya nisa da raminsa, in laka ta gurɓace yana cikin waɗanda ke fara shan wahala. Saboda haka ɓacewarsa daga wuri gargaɗi ne.

Abubuwa uku ne suka fi yi wa mazauninsa ɓarna: malalar man fetur, da sare itatuwa don girki da ƙyafe kifi, da yaɗuwar kabar nipa, wadda aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, ta kuma mamaye wurare da yawa. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran ɓarnar mai a can zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Rigakafi dai ya fi magani.

ABIN DA AKE BUKATA GA JAMA'A

Kada a kama kifi da guba ko nakiya. Dokar kamun kifin teku ta 1992 ta haramta haka. Kada a zuba baƙin mai ko shara a bakin ruwa. Wanda ya sare itacen mangurob, ya dasa wani. Wanda ya ga mai yana malala, ko ya ga kifaye sun mutu da yawa, ya gaggauta sanar da ma'aikatan kifi ko hukuma mafi kusa. Masu son ƙarin bayani suna iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Legas, wadda aka kafa a 1975.

Teku amana ce a hannun 'yan ƙasa duka, na kusa da na nesa. Allah ya ba mu ikon riƙe ta.