Yadda Greg LeMond Ya Koma Kan Keke Bayan Harbin Bindiga

A cikin dukan gasannin tseren keke na duniya babu wadda ta kai ta ƙasar Faransa, watau Tour de France, suna da wahala. Tun 1903 aka fara ta. Mako uku ake yi ana fafatawa, zango bayan zango, a kan fili da kan duwatsu, sa'an nan a tara lokacin da kowane ɗan tsere ya ɓatar. Wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara. Wanda ke kan gaba a lissafi kuwa shi ake sa wa riga mai ruwan ɗorawa, don kowa ya shaida shi. A 1986 wani Ba'amurke mai suna Greg LeMond, ɗan shekara 25, ya cinye wannan gasa, ya zama mutum na farko daga wajen Turai da ya taɓa yin haka. Shekara ba ta zagayo ba sai ga shi kwance a asibiti, rai a hannun Allah.

Tsautsayi

A farkon 1987 LeMond ya faɗi a wani tsere a Italiya, ya karye a wuyan hannunsa na hagu, don haka ya koma gida jinya. Ran 20 ga Afrilu, yana dab da komawa Turai, ya fita farautar talotalon daji tare da 'yan'uwansa a wata gona a jihar Kalifoniya. Suka rarrabu cikin kurmi. Wani surukinsa ya ji motsi, ya zaci tsuntsu ne, ya saki bindiga. Ƙwayoyin dalma wajen 60 suka shige shi a baya da kuiɓin dama, huhunsa ɗaya ya saɓe, jini ya yi ta zuba. Allah da ikonsa, akwai jirgin 'yan sanda mai saukar ungulu a kusa, shi ya ɗauke shi zuwa asibiti a birnin Sacramento. Kafin a tsayar da jinin, fiye da rabin na jikinsa ya zube.

Likitoci suka ceci ransa, amma ba su iya cire dalmar duka ba. Ƙwayoyi fiye da 30 suka zauna a jikinsa, wasu a hanta, wasu a cikin tantanin da ya lulluɓe zuciya. Bayan 'yan watanni kuma aka sake yi masa aiki a hanji.

Abin da kwanciya ke yi wa jiki

Warkewar rauni daban take da dawowar ƙarfi, kuma a nan ne mutane da yawa kan ruɗi kansu. Tun a 1966 masana a birnin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar masu ƙoshin lafiya a gado har mako uku, ba tashi. Da aka auna su, sai aka tarar iyakar iskar da jikinsu ke iya amfani da ita lokacin aiki mai tsanani ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka ga ashe kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 yi musu ɓarna. Dalili kuwa shi ne, idan mutum ya daɗe a kwance yawan jininsa kan ragu, abin da zuciya ke turawa a kowace bugawa ya ragu, tsoka kuma ta zube. To, wannan fa ga lafiyayyu ke nan, balle wanda dalma ta huda masa huhu.

Akwai kuma wani tarko. Idan aka koma motsa jiki, zuciya da tsoka su ke fara farfaɗowa, jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi kuwa sai sannu a hankali, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Mutum sai ya ji numfashinsa ya daidaita, ya ƙara wa kansa aiki, alhali jijiyoyin ba su kai ga ɗaukar nauyin ba.

Cikin wannan tarko LeMond ya faɗa. A 1988 ya shiga ƙungiyar PDM ta ƙasar Holan, ya dinga matsa wa kansa horo don ya rama lokacin da ya ɓata. Jijiyar ƙwaurinsa na dama ta kumbura har sai da aka yi masa aiki, gasar Faransa ta sake wuce shi karo na biyu a jere. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Ya kusa ajiye keke

Da shekarar 1989 ta kama, manyan ƙungiyoyi sun yanke ƙauna da shi, sai wata ƙaramar ƙungiya ta Beljiyam mai suna ADR ya samu. A gasar Italiya ta wannan shekara ya sha wuya ƙwarai. Da an fara hawan dutse sai a bar shi a baya, mutumin da dā shi ake bi. Abin ya kai har ya gaya wa matarsa yana shirin barin sana'ar. Ana cikin haka aka gano yana da ƙarancin jini, aka yi masa allurar sinadarin ƙarfe. Ya ƙare gasar a matsayi na 39, amma a zangon ƙarshe ya zo na biyu, ya ba Laurent Fignon na Faransa, wanda ya ci gasar, ratar fiye da minti guda. Wannan ita ce alamar farko cewa ƙarfin yana dawowa, shekara biyu cur bayan harbin.

Daƙiƙa takwas

Gasar Faransa ta 1989 mai tsawon kilomita 3,285 ce. A zango na biyar LeMond ya yi nasara a garin Rennes, ya sa riga mai ruwan ɗorawa. Daga nan rigar ta yi ta kai da kawowa tsakaninsa da Fignon, wanda shi ma ya taɓa cin gasar sau biyu, a 1983 da 1984. LeMond ba shi da mataimaka masu ƙarfi a kan duwatsu, saboda haka ya riƙa tattalin ƙarfinsa, yana bin abokin hamayyarsa sau da ƙafa. Duk da haka Fignon ya ƙwace rigar a dutsen Alpe d'Huez, ya kuma ƙara rata, har ta kai daƙiƙa 50.

Ran 23 ga Yuli aka yi zangon ƙarshe, kilomita 24.5 daga Versailles zuwa tsakiyar birnin Faris. Irin zangon nan ne da kowa ke tashi shi kaɗai, agogo ne alƙali. Masana harkar suka ce tazarar ta yi gajarta a rama daƙiƙa 50. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa masu miƙewa gaba, waɗanda yakan kwantar da hannuwansa a kai ya tsuke jikinsa, ya kuma sa hular kwano mai tsini ta baya, duk don rage turjiyar iska, domin a irin wannan gudu mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya. Ya kuma ce kada a riƙa faɗa masa lokaci a hanya. Fignon kuwa ya hau ba hula, ga shi yana fama da miki inda yake zama a sirdi.

LeMond ya yi tafiyar cikin minti 26 da daƙiƙa 57, watau gudun kilomita 54.5 a sa'a guda. Fignon ya iso a makare da daƙiƙa 58, ya sauka ya zube ƙasa. Bayan fiye da sa'a 87 a kan sirdi, daƙiƙa takwas kacal ce ta raba su, kuma a tarihin gasar ta maza ba a taɓa samun rata ƙarama kamar wannan ba.

Bayan nasara

A watan Agusta na wannan shekara LeMond ya zama zakaran duniya a garin Chambéry, karo na biyu bayan na 1983. A 1990 ya sake cin gasar Faransa, ta uku ke nan. Daga nan ƙarfinsa ya fara ja da baya, har ya ajiye keke a ƙarshen 1994 bayan likitoci sun ce yana da wata cuta mai raunana tsoka. Fignon kuwa ya mutu a 2010 yana da shekara 50, bayan fama da ciwon daji.

Abin lura ga duk mai hawan keke, ko na wasa ko na zuwa ofis da makaranta, wanda rauni ya taɓa kwantar da shi, shi ne lissafin kwanakin nan. Raunin LeMond ya rufe cikin watanni, amma wata 27 ya ɗauka daga ranar harbi zuwa ranar nasara, kuma wani babban kaso na wannan lokaci gaggawarsa ce ta jawo. Abin da ya rage masa a ƙarshe, watau ƙarancin jini, sai da aka bincika sa'an nan aka gane shi. Saboda haka wanda ya tashi daga jinya ya fara da gajeriyar tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, in kuwa gajiya ko ciwo ya ƙi wucewa, ya koma wurin likita kafin ya ƙara taka feda.