Injin mota ma numfashi yake yi: gyara mai araha don hanyoyin Arewa

Sunan Lugu, garin Sarauniya, ya wuce iyakar ƙasar Arewa tun watan Afrilu na 1899, lokacin da Sarauniya Mangu da jama'arta suka tari rundunar Voulet da Chanoine. Amma mai son zuwa can a yau, ko daga Dogon Dutsi ya taso ko daga Dankasari, tilas ya sauka daga kwaltar babbar hanya mai lamba 1, wadda ta fito daga Yamai ta ratsa Doso ta nufi Ƙonni, ya shiga rairayi da jar ƙasa. Haka abin yake ga yawancin ƙauyukan gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri. A kan waɗannan hanyoyi motocin 'yan kasuwa suke ɗauko gero da wake, a kansu kuma motar asibiti take ɗauko mai naƙuda da tsakar dare.

Kukan da aka fi ji daga bakin direbobin yankin shi ne mota ba ta ja. Don neman ƙarin ƙarfi da kuɗi kaɗan, wasu sukan cire matacin iska gaba ɗaya, wasu su huda akwatinsa, wasu kuma su sayo wani buɗaɗɗen mataci mai siffar mazurari su ɗaura cikin ɗakin inji. Nufinsu mai kyau ne, domin gaskiya ne inji yana bukatar iska. Sai dai a ƙasa mai ƙura irin tamu, sau da yawa an je neman ƙiba ne an samo rama.

Yawan iskar da inji yake shaƙa

Mai ba ya ƙonewa sai da iska. Injin esansi yana bukatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na mai. Idan aka auna da lita, kowace lita 1 ta esansi tana tafiya da iska fiye da lita dubu 9, wato cikin ganga 45 masu cin lita 200. Injin gazuwal ya fi haka shaƙa. Duk wannan iska ta ƙofa ɗaya take shiga: bakin bututu, sai akwati, sai mataci, sai wani bututun da ya kai ta cikin inji.

Abu biyu ne suke rage ƙarfin inji ta wannan ƙofa. Na farko shi ne toshewa, na biyu zafi. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi: duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri 10, nauyinta yakan ragu da kamar kashi 3 cikin 100. Shi ya sa mota ta fi kuzari da asubahin hunturu fiye da azahar ɗin watan Afrilu. A nan ne buɗaɗɗen mataci yake yaudarar mai shi. Akwatin asali yana jawo iska daga waje, shi kuwa wannan yana shaƙar wadda ta gasu a jikin inji. Idan ta waje tana digiri 40, ta ciki tana 70, an yi asarar kusan kashi 9 cikin 100 na nauyin iskar. Ƙara ta ƙaru, kunne ya ji daɗi, amma ƙarfin bai zo ba.

Ƙura, abokiyar gaba

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko hazo daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa shi a kanmu. Ga kuma ƙurar da tayoyi suke tayarwa a ranakun kasuwa. Cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen inji tauri. Idan suka sami hanyar shiga, sai su haɗu da baƙin mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin bangon silinda da zobban fistan a hankali. Alamun ba su ɓuya: inji ya fara shan baƙin mai, hayaƙi ya koma shuɗi, tashi da safe ya zama wahala. Daga nan sai sauke inji, aikin da kuɗinsa zai sayi mataci masu yawan gaske.

Toshewa kuwa an auna ɓarnarta. A 2009 cibiyar bincike ta gwamnatin Amurka da ke Oak Ridge ta gwada motoci da matacin da ya toshe. A motocin zamani, waɗanda kwamfuta take auna musu mai, shan mai bai canza ƙwarai ba, amma da aka sa sabon mataci saurin ɗaukar gudu ya gyaru da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. A tsohuwar mota mai karbirato, sabon mataci ya rage shan mai da 'yan kashi kaɗan, har ya kai kashi 14 a inda toshewar ta yi tsanani. Darasin a fili yake: ƙarfin da direba yake nema yana nan cikin motarsa, ƙura ce ta danne shi.

Gyara biyar da ba su cin aljihu

Na farko, a toshe kowace kafa. A duba bututun roba da ke tsakanin mataci da inji, domin zafi yana busar da shi ya tsage a cikin lanƙwasa. A ɗaure maɗauransa, a tabbata murfin akwati ya zauna daidai. Gwajin mai sauƙi ne: a kwance bututun a shafa yatsa a cikinsa. In yatsa ya fito da ƙura, akwai inda take satar hanya.

Na biyu, a sayi mataci na ƙwarai. Araha ba ta ado. Na jabu takardarsa ba ta da kauri, ninkinsa kaɗan ne, robar bakinsa kuma ba ta kama akwati sosai. Matacin takarda ba a wanke shi da ruwa ko esansi, ba a kuma buga shi a jikin taya. In tilas ta sa a hura shi, a hura a hankali daga ɓangaren da yake da tsabta zuwa waje. Sannan a shiga wuri mai duhu a haska shi da tocila: in haske ya ɓullo ta wata huda, aikinsa ya ƙare.

Na uku, a ɗaga bakin shaƙar iska. Ƙura ta fi kauri kusa da tayoyi. Dogon bututun nan da ake gani a gefen gilashin Toyota Land Cruiser, wanda ya hau har saitin rufi, amfaninsa ke nan: yana ɗebo iskar sama mai ƙarancin ƙura, yana kuma kare inji daga shan ruwa in ana ƙetare korama da damina. Ba ya ƙara wa inji ƙarfi, amma yana hana ƙarfin zubewa. Sharaɗinsa shi ne faɗinsa kada ya kasa na bututun asali, kuma a liƙe mahaɗansa sarai.

Na huɗu, a ɗora kofin tace ƙura a bakin bututun, irin wanda ake gani a kan tarakta. Yana juya iska kamar guguwa, sai manyan ƙwayoyi su faɗa gindin kofin kafin su kai ga mataci. Direba ya zubar da su kowace safiya.

Na biyar, a ɗaura ɗan ma'aunin toshewa, wanda yake nuna ja idan mataci ya cika. Amfaninsa babba ne, domin yawan buɗe akwati shi ma ɓarna ne: kowace buɗewa tana ba ƙura dama. Mataci mai ɗan ƙura a fuska yana tacewa fiye da sabo fil, muddin bai toshe ba.

Tsofaffin motoci da ƙananan injuna

Magabatan direbobi sun san matacin da yake aiki da baƙin mai, wanda yake cikin tsofaffin Land Rover da Peugeot 404 da 504 da aka ƙera don Afirka. Wanda yake da irinsa kada ya raina shi. A wanke shi da kananzir, a bar shi ya bushe, a zuba mai daidai layin da aka zana, kada a wuce. Amma a motar zamani mai ma'aunin iska na lantarki a cikin bututu, a guji matacin da ake shafa wa mai, domin man yana iya ɓata ma'aunin.

Wannan magana ta shafi babur, da injin niƙa, da injin ban ruwa na lambunan Dallol Mauri. Matacin soso na babur ana wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya, a shafa masa mai kaɗan a matse. Injin niƙa kuwa a fitar da bakin shaƙarsa waje da ɗaki, nesa da garin da yake tashi.

Kira ga ma'aikata da direbobi

Motar gwamnati dukiyar jama'a ce. Ya kamata kowane shugaban ma'aikata da mai kula da motoci su sa kuɗin mataci cikin kasafin shekara kamar yadda suke sa na mai da na tayoyi, a ajiye guda a ma'aji kafin hunturu, a kuma rubuta ranar canji da yawan kilomita a littafin mota. Littattafan masu ƙera motoci da kansu suna umurni da a gajarta lokacin canji a wurare masu ƙura. Shi kuma direba, in yana bin wata mota a jar ƙasa, ya ja baya har ƙurarta ta kwanta. Wannan ba ya cin ko dala.

Ku 'yan uwa da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wannan ga direbobi da masu injuna na garuruwanku. Rigakafi ya fi magani, kuma motar da take numfashi da kyau ita ce za ta kai marar lafiya Dogon Dutsi kan lokaci.