Kauɗata da Daddawar Iya a Gaban Alƙalai

A hunturun da ya wuce ne malaminmu na aikin gona ya shigo aji ya ce za a yi nunin amfanin gona a Dutse, kuma akwai gasa ta abincin da ake adanawa a gida. Duk wanda ke da abin kaiwa ya rubuta sunansa. Ni kuwa ban ko tsaya tunani ba na miƙa hannu, domin ina da rabin buhu na kauɗa da na yanka da hannuna tun rani, ina kuma ganin duk Miga ba wanda ya iya shanya kamata.

Watakila wani ɗan birni ya tambaya, mece ce kauɗa? Busasshen tumatir ne. Mu da ke zaune a bakin Kogin Haɗeja, da ruwa ya janye daga fadama sai kowa ya shiga noman rani. Wajen watan Fabrairu zuwa Maris tumatir kan nuna a lokaci ɗaya, ya cika kasuwa har a rasa mai saye, wani ma ya ruɓe a kwando. Da damina ta faɗi kuma sai ya yi tsada kamar zinariya. Kowa ya tuna 2016, shekarar da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa. Gidan da ke da kauɗa a lokacin bai rasa jar miya ba. Haka kuma a ambaliyar 2022, da ruwa ya ci gonakinmu, busasshiyar kuɓewa da kuka da kauɗa da daddawa su ne suka riƙe tukunyar gidanmu har aka ga bayan wahalar.

Da na koma gida na roƙi kakata, wadda muke kira Iya, ta ba ni daddawarta in haɗa in kai. Ta dube ni ta ce, "Maigidana, daddawar tawa ce za ka kai jarrabawa? In ta faɗi, da wane ido zan dubi masu sayenta?" Ba wasa take yi ba ƙwarai. Da cinikin daddawar nan take sayen goro da sabulu, ga shi kuwa tun da dunƙulen miya na kanti ya shigo ciniki ya ja baya. Sai da na kwana biyu ina lallashi sa'an nan ta ƙirgo mini guda goma a ƙaramar ƙwarya, ta rufe da faifai.

Ran tafiya muka yi sammako, muka bi ta Jahun da Kiyawa, hantsi ya yi mana a Dutse. Filin cike yake da rumfuna. Ga dammunan gero da dawa, ga shinkafa da riɗi da zoɓo, ga wata kabewa da sai mutum biyu ke ɗaga ta, ga raguna da bijimai an yi musu wanka. Ban daɗe a nan ba, hankalina na kan rumfarmu. Aka karɓi kayana, aka cire sunana, aka liƙa wa kowane lamba, don kada alƙalai su san mai shi.

Alƙalan su uku ne, mata biyu da wani dattijo. Na zaci ɗanɗanawa za su fara yi, ashe wannan shi ne na ƙarshe. Da fari sukan duba launi, su sansana, sa'an nan su karya abin su saurara. Busasshiyar kuɓewa in ta bushe sosai takan karye ƙaras, in kuwa ta lanƙwashe to da sauran laima a cikinta. A rumfar hatsi ma na ga wata dabara: a zuba ƙwayar masara a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta isa shiga rumbu ba.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne ruwa. Abubuwan da ke ɓata abinci, watau fumfuna da ƙananan halittun da ido ba ya gani, ba su rayuwa sai da laima. Tumatir ɗanye kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, shi ya sa babban kwando in an shanya shi yakan koma ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. In an kore ruwan duka, ya shekara bai yi kome ba. In an bar kaɗan, fumfuna ta shiga, wata irinta kuma, musamman a gyaɗa da masara, tana barin dafi mai lalata hanta wanda dahuwa ba ta kashe shi.

Da aka zo kan kauɗata, ɗaya daga cikin matan ta ɗebi kaɗan ta jiƙa a farin kwano. Bayan ɗan lokaci ta tsame, ta tsiyaye ruwan a hankali, sai ga yashi kwance a gindin kwanon. Kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige! Daga baya dattijon ya tambayi mai lamba goma sha bakwai, na matso. Ya ce, "Samari, a ina ka shanya wannan?" Na ce, "A ƙasa, Baba, bayan gona, kamar yadda kowa ke yi." Ya ce ta bushe yadda ake so, amma iskar rani ta zuba mata ƙura, awaki da kaji kuma sun bi ta kai. Ya ƙara da cewa yankan ya yi kauri, shi ya sa ta daɗe ba ta bushe ba har ta yi baƙi. Wadda ta ci na ɗaya ja ce wur. Mai ita tumatir lafiyayye ta zaɓa, ba ragowar da kasuwa ta ƙi ba, ta wanke, ta yanka da siriri, ta shanya a tabarma bisa gadon kara mai tsawon ƙugu, ta riƙa shigar da ita ɗaki da yamma saboda raɓa. Gaskiya ta fi ni, ko ni aka ba alƙalancin ita zan ba.

Kusa da nan na ga wasu 'yan mata sun kawo markaɗaɗɗen tumatir a kwalabe. Sun dafa shi ya yi kauri, sun zuba da zafinsa a tsabtatacciyar kwalba, sun rufe, sun sake tafasa kwalbar cikin tukunya. Malam ya ce wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya bayyana wannan hanya a 1810, tun kafin a gane cewa zafi yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci. Alƙalai suka danna murfin kowace. Wadda murfinta ya kumbura ba su ko buɗe ta ba.

Daddawa kuwa al'amarinta dabam ne, domin a wurinta gayyato ƙananan halittun ake yi da gangan. Na sha ganin Iya tana yi. Takan dafa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, wuni guda cur har ɓawon ya yi laushi, ta surfa a turmi, ta wanke har sai ƙwayar ta fita tas. Sa'an nan ta sake dafawa, ta tsane, ta zuba a kwando da ɗuminta ta lulluɓe, ta ajiye kwana biyu ko uku. A cikin ɗumin nan ne wasu halittu masu amfani ke narka ƙwayar, ta yi yauƙi, ta fitar da warin nan da ke korar baƙo daga zaure amma yake gyara miyar kuka. Bayan haka ta kirɓa, ta mulmula, ta faffaɗa, ta shanya a faifai bisa rufin ɗaki. Watau ashe Iya ba ta taɓa shanya a ƙasa ba, ni ne ban lura ba.

Matar da ta tona mini asiri ita ce ta ɓantari daddawar. Ta duba cikin ba ɓawo ko ɗaya, ba tsakuwa, ta jiƙa a farin kwanon nan nata ruwa ya fito ba yashi. Ta ɗanɗana, ta miƙa wa 'yar'uwarta. Daddawa tara aka kawo, ta Iya ta zo ta biyu. Aka ba ni takardar shaida da babban kwanon silba.

Bayan isha'i muka iso gida. Na miƙa wa Iya kwanon, na karanta mata takardar. Ta juya kwanon ta ƙwanƙwasa gindinsa, sa'an nan ta ce, "To, wace ce ta ɗayan, 'yar wane gari ce?" Na ce ban tambaya ba. Ta ce, "Kauɗar taka fa?" Na gaya mata labarin yashi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai tun damina take tace miya saboda ni, ta dai yi shiru ne don kada angonta ya yi fushi.

Yanzu na riga na sari kara da 'yan sanduna, na kafa gadon shanya a bayan ɗakinta, ina jiran tumatirin Fabrairu.