Tsohon Ciki da Shirin Sauka a Ƙasar Hausa

A al'adar Hausawa ciki ba abin da ake shelarsa ba ne, domin ita mai juna biyu ba ta faɗa, mijinta ba ya faɗa, iyayenta kuwa, ko da sun fi kowa sani, sai su yi kamar ba su gani ba. Amma idan ciki ya kai wata bakwai, duk wanda ya shiga gidan ya ga itace jibge a gindin katanga, wanda maigida ya daɗe yana tarawa, yau dami ɗaya gobe kayan jaki, to, ba ya bukatar a gaya masa kome. Wannan shi ne itacen wanka, da shi za a riƙa dafa ruwan jego safe da yamma har a yi arba'in, kuma tsofaffin unguwa da yawansa suke auna kirkin miji, ta yadda wanda ya bari wata ya kama bai tanada ba, lalle zai sha zambo a bakin mata ranar suna.

Idan cikin fari ne, galibi a wannan lokaci ne akan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki, ko da yake a wasu garuruwa sai ta haihu tukuna ake tafiya da ita wanka. Hikimar abin a fili take: yarinyar da ba ta taɓa ganin naƙuda ba, wadda kuma kunyar surukai ba za ta bar ta ta ce wuri kaza ke mini ciwo ba, ta fi samun sakewa a gaban kakarta ko gwaggonta. Su ne za su hana ta shan rake da zuma da sukari, saboda imanin da ake da shi cewa zaƙi yana taruwa a jiki ya tsawaita naƙuda, su kuma ba ta jiƙon sassaƙe da saiwoyi masu ɗaci don ya fita. Ba sa barinta ta yi ta kwanciya, sai ka ji tsohuwa tana cewa, "Tashi ki yi daka, 'yar nan, jiki ya saki." A nan ne kuma ake dakan yajin jego da citta da kanumfari da masoro da kimba, a surfa gero, a ajiye kanwar kunu, a wanke tsofaffin zannuwa a linke, a nemo ƙatuwar tukunya, a sayo sabuwar reza a soke a inda ungozoma za ta miƙa hannu ta ɗauka.

Malamai su ma suna da nasu rabon. Maigida yakan je wurin malaminsa da ɗan abin sadaka, a rubuta ayoyi a allo, a wanke a kawo a ƙwarya, wani a sha tun yanzu, wani a ajiye sai ciwo ya tashi. Da yawa sukan tanadi dabino, suna tunawa da ƙissar Nana Maryamu da ta zo a Alƙur'ani mai girma, wadda naƙuda ta kama a gindin dabino. Mata kuwa, da yake sun san mai ciki tana tsakanin rai da mutuwa, kuma sun ji a wa'azi cewa wadda ta rasu wurin haihuwa ta yi shahada, ba sa rabuwa da ita sai da addu'a: "Allah ya raba lafiya."

Ran da naƙuda ta zo, maza su fice zaure, a aika yaro ya kirawo ungozoma, mai haihuwa ta durƙusa, shi ya sa ake cewa tana kan gwiwa. Abin yabo a wurinta shi ne kada a ji ko tarinta, har akwai wadda takan rufe ɗaki ta sauka ita kaɗai, sai kukan jariri ya sanar da mutanen gida. Aikin ungozoma a da yawanci bayan an sauka ne: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri.

A ganina a nan ne dauriyar da muke alfahari da ita takan zama musiba, domin yarinyar da aka hore ta da yin shiru takan kwana biyu a durƙushe kafin wani ya ce a nemi mota, sa'an nan a tsaya jiran izinin maigida, wanda wataƙila yana kasuwar wani gari. Doguwar naƙuda irin wannan, da yankan gishiri da wasu ungozomomi kan yi da zaton buɗe hanya, su ne suka cika asibitin Babbar Ruga da ke Katsina da masu yoyon fitsari. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka yi a Zariya daga 1976 zuwa 1979, a kan haihuwa fiye da 22,000, ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su.

Saboda haka a gidaje da yawa yanzu, har da na ƙauye, an ƙara wasu abubuwa a kan tanadin da: katin awo, da jakar kayan haihuwa mai audugar mata da safar hannu, da lambar wayar mai mota, da izinin da maigida kan bari tun kafin ya yi tafiya, ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, in abin ya tashi ba na nan, kada ku jira ni, ku kai ta."