Jita-jita Ba Ta Jiran Sanarwar Hukuma

A shekarar 2003 aka baza jita-jita cewa rigakafin shan-inna yana hana haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da shi har 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashen maƙwabta.

A da, masana hulɗa da jama'a sun fi nazarin yadda hukuma za ta kare sunanta idan rikici ya auku. Yanzu hankalinsu ya karkata ga bakin da talakawa suka amince da shi. A Kazaure da Roni, Gwiwa da Babura, magidancin da sanarwar rediyo ba ta gamsar ba yakan saurari dagacinsa da limaminsa. Domin haka a 2009 aka danƙa wa sarakuna jagorancin faɗakarwa.

Ma'aikaci ya kiyaye: tun kafin rikici ake shuka amana.