Daga Ɗakin Jinya Zuwa Kujerar Likitan Haƙori: Abin Da Ya Kamata Iyali Su Sani Kafin A Sauya Hanya

A gidaje da dama ana fuskantar wata magana mai nauyi, wadda takan zo wa iyaye ba zato. Yaro ko yarinya sun yi shekara biyu ko uku suna karatun jinya, ko ungozoma, ko haɗa magunguna, wani ma har ya kama aiki yana ɗaukar albashi, sai rana ɗaya ya ce zuciyarsa ta koma ga likitancin haƙori. Uba yakan tuna kuɗin da aka kashe, uwa ta tuna ƙannen da ke jiran nasu lokacin, shi kuwa yaron yana ganin idan bai motsa yanzu ba ya rasa damar har abada. Mun ga ya dace mu shimfiɗa wannan batu dalla dalla, domin a yanke shawara bisa sani, ko a amince ko a haƙura.

Buƙatar tana nan, kuma babba ce

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora a duniya. A yankin Afirka na hukumar, adadin ya kai kimanin miliyan 480, alhali likitocin haƙori ba su wuce 3 zuwa 4 ga kowane mutum 100,000 ba. Su ma kaɗan ɗin da ake da su, mafi yawansu sun taru ne a manyan birane, shi ya sa mutumin karkara yakan jure ciwo har fuska ta kumbura, ko ya kai bakinsa ga mai cire haƙori na kasuwa wanda ba ya tsabtace kayan aikinsa.

Cutar noma ta isa misali. Takan kama yara masu shekara 2 zuwa 6 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi, cikin ƴan kwanaki ta cinye kumatu da leɓe har ta kai ƙashi. OMS ta ƙiyasta cewa 9 cikin 10 na yaran da ba su sami magani ba suna rasuwa, alhali idan an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sukan tsayar da ita. Saboda yawanta a yankinmu ne aka buɗe asibitin noma a Sakkwato a 1999, kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da masu ita a Damagaram. A watan Disamba na 2023, OMS ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Saboda haka yaron da ya ce yana son wannan fanni bai zaɓi aikin ado ba, kamar yadda wasu suke zato idan sun tuna haƙorin Makka.

A fara binciken dalili

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa mai son sauyi ita ce: mene ne ya kore ka daga inda kake, kuma mene ne ya jawo ka zuwa can? Amsoshin biyu sukan bambanta. Wani gajiyar aikin dare ce ta dame shi, wani ƙarancin albashi, wani kuma sunan “lokotoro” yake so a kira shi da shi. Duk waɗannan dalilai ne da ɗan Adam yakan ji, ba abin zargi ba ne, amma ba su isa su riƙe mutum shekara shida a aji ba. Wanda ya faɗi jarrabawa a shekarar farko ta likitanci yana zaton haƙori ya fi sauƙi, zai tarar da darussan sassan jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki suna jiransa a can ma.

Gani ya kori ji. Muna ba da shawarar mai wannan niyya ya nemi izinin zama a ɗakin wani likitan haƙori na mako biyu ko uku. A nan zai ga aikin yadda yake: sunkuyo na sa'o'i a kan fili da bai kai tafin hannu ba, aiki ta cikin ƙaramin madubi inda dama take zama hagu, jini da miyau da warin baki, yaro mai kuka da babba mai tsoron allura. Ciwon baya da na wuya sanannu ne ga masu wannan sana'a. Idan ya fito daga wannan zama sha'awarsa ta ƙaru, to maganarsa ta cancanci a saurare ta da kunnen basira.

Abin da karatun ya ƙunsa

A mafi yawan ƙasashen da ƴaƴanmu suke zuwa, karatun yana ɗaukar shekara 6, a wasu kuma 7. Shekarun farko na ilimin tushe ne, kusan ɗaya da na ɗaliban likitanci. Daga nan ɗalibi ya shiga ɗakin gwaji, inda zai koyi huda haƙori da yi masa ciko a kan kai na roba, ya sassaƙa siffar haƙora da kakin zuma, ya haɗa haƙoran roba, kafin a yarda ya taɓa bakin mutum mai rai. Shekarun ƙarshe a asibiti ake yin su ƙarƙashin idon malamai, a rufe da rubuta kundin digirin dokta a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Zai san haƙoran nono 20 da na manya 32 ɗaya bayan ɗaya, da jijiyoyin muƙamuƙi, da hoton ƙashi, da yadda ake kashe zafi.

Sana'ar tana da tarihi mai tsawo. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya zana kayan kankare dattin haƙori a littafinsa At-Tasrif, ya kuma bayyana ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa. Bafaranshe Pierre Fauchard ya wallafa littafin da ya kafa tsarin zamani a 1728, sa'an nan aka buɗe makarantar haƙori ta farko a duniya a Baltimore ta Amurka a 1840.

Ƙofofin shiga

A ɓangaren Faransanci, mabuɗin farko shi ne bakaloriya ta kimiyya, wato seri C ko D, da maki mai kyau a ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi. Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar tana horar da likitocin haƙori tun ƙarshen shekarun 1960, kuma ta yaye da yawa daga cikin tsofaffin likitocin yankinmu. Akwai kuma sashen haƙori a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny ta Abijan, da Bamako, da Wagadugu, da Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, inda ake shiga ta hanyar gasar jarrabawa ta ƙasa. A arewacin Afirka, makarantar Monastir ta Tunisiya ta buɗe a 1975, na Rabat da Kasablanka a Maroko kuma a 1981. Guraben baƙi a waɗannan wurare ƙayyadaddu ne, kuma da yawansu ta hannun gwamnatoci ake raba su. A Nijar, hukumar ANAB ce mai kula da tallafin karatu.

Wanda ya iya Ingilishi yana da ƙofar Najeriya, inda makarantar haƙori ta farko ta fara a Legas a 1966, kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna da tsangayar haƙori. Ana shiga ta hukumar JAMB, kuma akwai tsarin shiga aji biyu kai tsaye ga masu wasu takardu da jami'a ta yarda da su. Bayan shekara 6 sai a yi shekara ɗaya ta horon asibiti kafin cikakkiyar rajista.

A Faransa an soke tsarin shekarar farko da ake kira PACES a 2020, aka maye shi da PASS da LAS. Akwai kuma wata gada da ke ba ma'aikatan jinya da makamantansu damar neman shiga aji biyu ko uku ta hanyar takardu da ganawa da alƙalai. Sai dai an gina ta ne musamman domin masu takardun Faransa da Turai, gurabenta kaɗan ne, kuma sau biyu kawai ake yarda mutum ya gwada. Kada iyali su sayar da gona bisa jin labarin wannan gada.

Abin da za a tafi da shi, da abin da za a bari

A nan ne ake yawan yin kuskuren lissafi. Ilimin da ma'aikacin jinya ya tara yana tafiya da shi duk inda ya je. Ya san awon hawan jini, ya san mai ciwon sukari rauninsa ba ya warkewa da wuri kuma dasashinsa ya fi saurin lalacewa, ya san haɗarin cire haƙori ga mai shan maganin tsinka jini, ya saba da tsabtace kayan aiki domin kare mutane daga ciwon hanta da sida. Ɗalibin haɗa magunguna yana da rinjaye a sanin adadin magani da illolinsa. Amma shekarun da aka yi, ba kowace makaranta ce take ƙirga su ba. A wurare da yawa mai diplomar jinya daga aji ɗaya zai fara, tare da yaran da suka fito lise bana. Bugu da ƙari, wasu gasannin shiga suna da iyakar shekarun haihuwa, wasu kuma ba sa karɓar bakaloriyar da ta daɗe. Waɗannan sharuɗɗa suna sauyawa, don haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki daga ofishin makarantar kanta, a kuma nemi amsa a rubuce.

Lissafin gida

Mai shekara 24 da ya fara daga tushe zai kammala yana da 30 ko 31. A tsawon wannan lokaci albashin da yake kawowa gida zai tsaya, ga kuɗin makaranta wanda yakan ninka ga baƙo, ga haya da abinci da tafiya, ga kayan gwaji waɗanda ɗalibin haƙori yakan saya da kuɗinsa. Bayan kammalawa ma, mai son buɗe ɗakinsa yana buƙatar kujera ta musamman, da injin iska, da tukunyar tururi ta kashe ƙwayoyin cuta, da lantarki da ruwa da ba sa yankewa. A zauna a rubuta wannan lissafi a takarda, a gaban duk wanda zai sa hannu a aljihu, har da haƙƙin ƙanne da na mata da ƴaƴa idan mai niyyar ya yi aure. Idan ɗiya mace ce, a tattauna batun masauki da aure tun da wuri, da ita da wanda zai aure ta, a kuma tuna cewa mata da yawa sun fi sakin jiki a gaban likita mace, har wasu sukan ɓoye ciwo saboda rashinta.

Matakan da muke ba da shawara

Na farko, kada a saki reshe a kama ganye. Kada a ajiye aiki ko a bar makaranta sai takardar karɓa ta zo hannu. Wanda saura shekara ɗaya ya gama, ya gama tukuna, domin diploma a hannu ita ce madogara idan neman bai yi nasara ba. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu bisa ƙa'ida maimakon ya ɓace daga wurin aiki.

Na biyu, a tabbatar da ingancin makarantar. A tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi da majalisar likitocin haƙori ta ƙasar da yaron zai yi aiki ko sun yarda da takardarta, a kuma duba ko hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta amince da ita. Makarantar haƙori da ba ta da kujeru da marasa lafiya da ɗalibai za su koyi aiki a kansu, takarda kawai take sayarwa. A yi hattara da dillalai masu alkawarin gurbi a kan kuɗi, domin cin hanci haramun ne, kuma sau da yawa kuɗin da gurbin duka sukan salwanta.

Na uku, a shirya takardu da wuri: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, bakaloriya da makinta, makin kowace shekara ta karatun baya, duka da hatimin hukuma, da fassara idan harshen karatu ya bambanta. A wasiƙar neman shiga a faɗi dalilin sauyin da gaskiya, ba tare da aibanta sana'ar da aka baro ba.

Na huɗu, a san cewa akwai hanya ta tsakiya. Ma'aikacin jinya yana iya ƙwarewa a kula da lafiyar baki, ko ya koyi haɗa haƙoran roba, cikin shekaru kaɗan da kuɗi mai sauƙi, ya kuma amfani jama'ar da likita ba ya kaiwa gare su.

Idan an yi shawara an yi istihara, aka ga hanyar za ta ɓulle, to iyaye su sa albarka da zuciya ɗaya, su daina tuna wa yaro shekarun da suka wuce. Idan kuwa lissafi ya nuna ba za ta yiwu ba a yanzu, yaro ya riƙe aikinsa da daraja, domin mai jinyar da ya leƙa bakin yaro mai tamowa ya gano noma a kwanakinta na farko ya ceci rai. Allah ya yi wa ƴaƴanmu zaɓi mafi alheri, ya sa iliminsu ya amfani al'umma.