Yadda Ake Baje Tarihin Gari a Ɗakin Karatu

Ɗalibin Gwarzo ko Kabo da ke son ganin kayan tarihi sai ya shiga mota zuwa birnin Kano. Can Gidan Makama yake, wanda aka gina wa Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, can kuma Gidan Ɗan Hausa yake, inda Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ya zauna. Dukansu akwai abin kallo, sai dai labarin birni da fada suka fi bayarwa. Tarihin Getso da Kutama da Garo, ko na Godiya, tsohon garin nan da sunansa ke fitowa a labarin jihadi, yana kwance cikin adaka a gidajen mutane. Ɗakin karatu na gari, ko ma na makarantar sakandare, zai iya fito da shi fili ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Da aro ake farawa. Ɗakin karatu ba sayen kaya yake yi ba, roƙonsu yake na wata ɗaya ko biyu, kuma nan ne wuyar aikin take. Tsohuwar da ta adana tasoshin jerenta tun aurenta na fari ba za ta miƙa su ga baƙuwar fuska ba. Shi ya sa ake bi ta hannun mai unguwa da dagaci da liman. In an karɓi abu sai a rubuta takarda biyu iri ɗaya: sunan mai shi, siffar abin, tsaga ko yagewar da ya zo da ita, da ranar mayarwa. Ɗaya ta zauna a ɗakin karatu, ɗaya a hannun mai kaya. Kwano ɗaya ya salwanta, baɗi ko allura babu mai ba da aro.

Mutane kan ɗauka sai takobi da sulke ne kayan tarihi. Ni a ganina tsohon rasidin haraji ko na jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a 1979, ya fi takobi magana, domin yana ɗauke da suna da gari da shekara da kuɗi. Haka anini, da sulen da aka bari bayan shigowar naira a 1973, da mazari, da ƙoshiyar masaƙi, da allon zayyana na saukar karatu. A Kabo kuwa, tsohon tikitin Kabo Air, kamfanin jiragen marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, ya isa ya tara yara. Kowane abu a ajiye masa ɗan kati mai layi uku, da boko da ajami: mene ne, wa ke aiki da shi, a wane zamani.

Bango kuma na masu sana'ar yau ne: hulunan zanna, ƙwarya mai zane, da zanen ɗalibai, ana sauyawa lokaci-lokaci.

Sai tsaro. Hasken rana yana koɗar da rini, yana busar da takarda har ta riƙa karyewa, don haka tufafi da littattafai nesa da taga. Gara ta ƙasa da bango take bi, saboda haka teburi kada ya jingina da bango. Da damina laima, da hunturu ƙura, amma hannun mai kallo ya fi su ɓarna. Tsofaffin littattafan malamai warwara suke cikin gafaka, babu ɗinki, kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi ce ke nuna wanda ke bi masa. In aka hargitsa su, sai malami ya zauna ya jera. Kada a kuskura a liƙa musu salatif. Alƙur'ani rubutun hannu kuwa, gara a baje hoton shafinsa, shi kansa ya zauna wurin masu shi.

Baje koli yakan jawo dillalai masu bin gida-gida neman tsofaffin kaya. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa kayan fasahar gargajiya da aka ƙera kafin 1918 cikin waɗanda ba a fita da su waje sai da izini. Don haka masu shiryawa su rubuta sunan gari kawai a kan kati, sunan gida da unguwa su tsaya cikin takardar aro.